Babban birnin da babu mai kwana a cikinsa

Tambaya: Malam, ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa wai akwai ƙasar da babban birninta kango ne, babu ko mutum ɗaya. Na kwaɓe shi. Da gaske ne?
Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, a ba yaron haƙuri, shi ke da gaskiya. Tsibirin Montserrat yake nufi, a tekun Karibiyan, wanda har yau yake ƙarƙashin Ingila. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 102 ba.

An raba shi gundumomi uku bisa tsohon tsarin coci: Saint Peter a arewa, Saint Georges a gabas, sai Saint Anthony a kudu, inda babban birnin, Plymouth, yake. A kudun nan kuma dutsen Soufrière Hills yake, wanda ya shekara ɗaruruwa shiru. Ranar 18 ga Yuli, 1995 ya fara aman wuta. Aka kwashe mutanen birni. Ranar 25 ga Yuni, 1997 toka mai zafi ta gangaro ƙauyuka ta kashe mutum 19, kuma a shekarar ce toka da laka suka binne Plymouth, wasu gidajen sai rufinsu ake hange. Kusan kashi biyu cikin uku na jama'a suka yi ƙaura, da yawa zuwa Ingila. Waɗanda suka rage ba su kai 5,000 ba, kusan dukansu a Saint Peter. Gwamnati ta koma garin Brades da ke arewa, amma a takarda Plymouth ce hedikwata har yanzu, ga shi an hana zama a kudun.

Ni abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne asalin mutanen. Kolumbus, Baturen nan matuƙin jirgin ruwa, ya raɗa wa tsibirin suna a 1493, 'yan Ayalan suka zauna a 1632, daga baya aka jido bayi daga Afirka don noman rake. Ranar 17 ga Maris, 1768, iyayen gidansu na shagalin bikin Saint Patrick, waliyyin Kiristocin Ayalan, bayin suka shirya tawaye. Asiri ya tonu, aka kashe waɗanda aka kama da jagoranci. Jikokin bayin nan ne mafi yawan mutanen tsibirin a yau, kuma duk 17 ga Maris ranar hutu ce, suna tunawa da su.