Rabin Ganin Baba Ya Ɗauke, Kuma Idon Ba Ya Ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 63 ne, yana da hawan jini. Shekaranjiya bayan sallar asuba ya ce da idon dama ba ya ganin abin da ke sama, kamar an sauke masa labule. Idon bai yi ja ba, ba ya ciwo. Maƙwabta sun ce yanar ido ce, a ɗiga zuma. Me za mu yi?
Daga wata mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, a ajiye zumar nan, a kai Baba sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yau ɗin nan. Yanar ido ba ta zuwa dare ɗaya, sannu a hankali take rufe ido.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da toshewar ƙaramar jijiyar jini a retina, wato shimfiɗar da ke can ƙuryar ido mai ɗaukar hoto. Galibi ɗan ɓarɓashin kitse ne ko gudan jini ke ɓallewa daga babbar jijiyar wuya ko daga zuciya, ya je ya maƙale. Inda jini ya daina kaiwa sai ya daina gani nan take. Da yake a kife hoto ke sauka a ido, duhu a sama na nufin reshen jijiyar na ƙasa ne ya toshe.

Retina ba ta jure yunwar jini. Cikin 'yan sa'o'i ɓarnar kan zauna, shi ya sa allurar narkar da gudan jini, a inda ake yin ta, sai cikin awa 4 da rabi. Wannan lokaci ya wuce, amma kada ku ce aikin gama ya gama. Abin da ya jefo ɓarɓashi ido zai iya jefa wani ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa a kwanakin farko.

Likita zai ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki. Za a auna hawan jini, suga da kitsen jini, a yi gwajin bugun zuciya da hoton jijiyoyin wuya. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, kuma kada a sayo masa asfirin a kemis kafin likita ya ce. In yana fama da sabon ciwon kai ta gefen goshi, ko muƙamuƙinsa na gajiya wajen tauna, ku faɗa tun a bakin ƙofa, don mai yiwuwa kumburin jijiya ne da kan iya kama ɗaya idon.

Toshewar reshe ta fi ta uwar jijiyar sauƙi, da yawa ganinsu na tsakiya kan tsira. In baki ya karkace ko magana ta sarƙe, sashen gaggawa za ku nufa, ko tsakar dare ne.