Lambar 'ya'yan lin a wurin duwan: amsoshi ga manoman Damagaram

Wani manomin rani daga yankin Mirya ya tambaya: yana son ya sayo 'ya'yan lin, wato tsabar da ake matse mai wadda ake kira linseed da Ingilishi, daga Kano ya gwada shukawa lokacin sanyi, wace lamba ce za a rubuta masa a takardar duwan, tunda iri ne na shuka?

Malam, lambar ita ce 1204. A kundin lambobin kaya na duniya, wanda Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Burusal take kula da shi tun 1988, babi na 12 na tsabar da ake matse mai ne: waken soya 1201, gyaɗa 1202, lin 1204, riɗi kuwa 1207.40. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a Nijar da Najeriya da ko'ina, wato 1204.00, sai kowane yanki ya ƙara nasa a baya. Shi ya sa za ka ga lambobi goma a takardarmu.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne maganar iri. Akwai lamba 1209 ta irin shuka, kuma hankali zai ba ka cewa can naka ya dosa. Ba haka ba ne. Bayanin babi na 12 ya faɗa ƙarara cewa kayan da ke tsakanin 1201 da 1207 suna zama a lambarsu ko da shukawa za a yi. Saboda haka in taranziter, wato mai cika maka takardun duwan, ya rubuta maka 1209, ka sa ya gyara kafin ya shigar a Sidoniya, wato tsarin kwamfuta na duwan, don gyara bayan an shigar ya fi wuya kuma yakan ci kuɗi. Abin da kasancewarsa iri yake ƙara maka shi ne takardar lafiyar tsirrai daga ƙasar da aka sayo, wadda ma'aikatan kare tsirrai za su nema a Ɗan Barto ko a iyakar Magarya. Wannan takarda ina ba ta muhimmanci fiye da lambar ma, domin irin da ba a duba ba yana iya shigo mana da cuta ko ciyawar da ba mu da ita. Kuma ka fara da ɗan fili kaɗan: lin ba ya son zafi, in shuka ta makara zafin Maris ya riske shi yana fure, tsabar ba za ta cika ba.

Wata mai sayar da kayan abinci a Kasuwar Dole ta ce tana sayo niƙaƙƙen lin ne a leda, ko lambar ɗaya ce?

A'a Hajiya. 1204 ta ƙunshi tsaba sukutum da wadda aka ɓarza kawai. Da zarar ta zama gari, ta koma 1208.90. In soyayyar tsaba ce aka shirya don ci, ta bar babi na 12 gaba ɗaya ta shiga babi na 20. Man lin yana 1515.11 in ɗanye ne, 1515.19 in an tace, tunkuzar da ta rage bayan matsa kuma 2306.20, wadda masu kiwo ke nema. Kuɗin fito yana bin lamba ne, don haka ki sa mai sayar miki ya rubuta a faktir ainihin yadda kayan yake: tsaba, ɓarzajje, gari ko mai. Garin ma kada ki tara da yawa, yana saurin yin ɗaci a zafinmu.

Wani ɗan kasuwa daga Matamai ya ce an ba shi shawara ya haɗa buhunan lin da na riɗi a lamba guda, tunda sun yi kama.

Alhaji, kada ka yarda. Kamar da suka yi ba ta kai ko'ina ba: ƙwayar lin ta fi tsawo, tana da santsi da sheƙi, galibi ruwan ƙasa ce, kuma in ka jiƙa ta tana yauƙi kamar kuɓewa. Jami'in da ya soka buhu zai gane nan take, kuma abin da zai rubuta shi ne bayanin ƙarya, mai jawo tara ko riƙe kaya. Mota ɗaya tana iya ɗaukar duka biyun, amma kowanne da layinsa a takarda, da nauyinsa, da kuɗinsa. In kuma Turai kayan za su, ka sani can suna raba 1204 gida biyu, na shuka da wanda ba na shuka ba, sai ka tambayi mai sayen wanne yake so a rubuta tun kafin a ɗinke buhu.