Sun ce ba ni da shaida, in je a yi sulhu: ina matsayina a doka?

Tambaya: Barista, ina yi miki fatan alheri. Shekaruna 24. Mako biyu da suka wuce wani babba a wurin aikinmu ya kira ni ofishinsa bayan an tashi, ya kulle ƙofa, ya yi mini fyaɗe. Sai a rana ta uku na iya gaya wa yayata, ta raka ni ofishin 'yan sanda. Wanda ya karɓe mu ya tambaye ni me ya zaunar da ni bayan kowa ya tafi, wane irin kaya na sa, kuma ko na taɓa sanin namiji. Daga ƙarshe ya ce tunda na yi wanka kuma babu wanda ya gani, gara mu je a sasanta. Yanzu dangin mutumin sun turo manya, iyayena kuma sun fi son a rufa asiri. Ina da saƙonnin da ya turo mini yana ba ni haƙuri. Shin maganar ta mutu ke nan?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya, ya bi miki haƙƙinki. Maganarki ba ta mutu ba, kuma abin da aka gaya miki a kan kantar 'yan sanda ra'ayin mutum ɗaya ne wanda doka ba ta ba shi hurumin yanke hukunci ba.

Tambayoyin da ya yi miki su ne suka fi ci mini rai, domin a nan ne rashin daidaito tsakanin mace da namiji yake fara bayyana tun kafin a buɗe fayil. Wanda aka ƙwace wa babur ba a tambayarsa ko ya taɓa ba wani aronsa, amma macen da aka keta wa haddi sai ta fara wanke kanta kafin a rubuta sunan wanda take ƙara. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar, kuma wannan ƙa'ida ce da nake girmamawa, sai dai babu sashen da ya ce a ɗauki mai ƙara a matsayin maƙaryaciya. Sashe na 42 ma ya haramta wa hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa.

Abin da kika bayyana fyaɗe ne a ƙarƙashin sashe na 282 na dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin arewa, wanda ya rataya laifin a kan rashin yardar mace, ko yardar da aka samu ta hanyar tsorata ta da kisa ko rauni. Sashen bai ce sai ta yi ihu ba, bai ce sai an ga rauni a jikinta ba. Akwai kuma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, da ta tanadi ɗaurin rai da rai, ta hana a sauko ƙasa da shekara 12 ga baligi, ta kuma umarci kotu ta yanke wa wadda aka zalunta diyya. Dokar tarayya ce da ke aiki kai tsaye a Abuja kawai, amma yawancin jihohi sun kafa irinta da 'yan sauye-sauye, don haka lauyan da zai tsaya miki sai ya duba ta jiharku. Waɗannan dokoki ba su sa wa'adin da in ya wuce ba za a karɓi ƙarar fyaɗe ba, saboda haka kwana ukun da kika yi kina shiru bai rufe miki ƙofa ba.

Batun shaida shi ne ya fi buƙatar natsuwarki. Sashe na 200 na Dokar Shaida ta 2011 bai ƙayyade yawan shaidun da ake buƙata a irin wannan laifi ba, kuma ke kanki shaida ce, ke ce ma babbar shaida. Gaskiya ne alƙalai sun saba neman wani abu da zai ƙarfafa maganar mai ƙara kafin su ɗaure mutum, to a nan ne saƙonnin ban haƙurinsa suke da daraja ƙwarai. Kada ki goge ko ɗaya, kada ki mayar masa da amsa, kada ki sayar da wayar ko ki canza layin, domin sashe na 84 ya amince da shaidar da ta fito daga na'ura matuƙar an cika sharuɗɗan gabatar da ita. Ki ɗauki hotonsu yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa wanda kika amince da shi. In kayan da kika sa ranar suna nan ba a wanke ba, ki naɗe su a takarda mai tsabta, kada ki sa a leda, saboda gumin leda yana lalata abin da za a iya ganowa. Yayarki za ta iya ba da shaida a kan halin da ta same ki a ciki, maigadi ko rajistar fita daga aiki kuma za su iya nuna cewa ku biyu kuka rage a ginin. Yau ɗin nan ki zauna ki rubuta duk abin da kika tuna, da lokaci da kalmomin da ya furta.

Ki je asibiti ko da kin yi wanka. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5, kuma duka biyun sun wuce ki, amma gwaji da magani da rahoton likita ba su wuce ki ba. Jihohi da dama suna da cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a cikin asibitocin gwamnati, irin Cibiyar Mirabel da aka fara buɗewa a Legas a 2013, inda ake samun likita da mai kwantar da hankali a wuri guda.

Kada ki koma wa jami'in da ya sallame ki da baki. Ki rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ki nemi a miƙa maganar ga sashen binciken manyan laifuka, ki ambaci ranar da kika je ofishin farko da abin da aka ce miki, sannan ki tabbata an buga wa kwafinki hatimin karɓa. Ki aika kwafi ga Antoni Janar na jiha, wanda sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi ikon shigar da ƙara ko karɓe ta daga hannun wani. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna taimakawa a irin wannan ba tare da kuɗin lauya ba. Lauyan gwamnati ne zai gabatar da ƙarar, amma kina da damar samun naki lauyan da zai riƙa zama a kotu yana sa ido a madadinki, kuma na sha ganin fayil ɗin da ya kwanta ya tashi saboda wannan kaɗai.

Game da sulhu, fyaɗe laifi ne da aka yi wa hukuma, ba ya cikin laifukan da dangi ke iya kashewa a zaure. Na fahimci tsoron iyayenki, domin sun san bakin mutane ya fi sauka a kan mace, amma ina roƙonki kada ki sa hannu a kowace takarda kuma kada ki karɓi ko sisi, saboda gobe za a iya ɗaga wannan takarda a kotu a ce dama kuɗi kike nema. Diyya halaliyarki ce, sai dai ta biyo ta hannun alƙali, ko a cikin shari'ar laifin ko ta ƙarar neman diyya da za ki shigar da kanki, wadda nauyin hujjarta bai kai na shari'ar laifi ba.

Idan wani ya ba ki shawarar zuwa kotun Shari'ar Musulunci, ki fara zama da lauyan da ya san dokar jiharku. Imam Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa babu hukunci a kan wadda aka tilasta, haddi yana kan wanda ya tilasta ta, kuma zai biya ta sadaki irin na tsararrakinta. Sai dai tabbatar da haddi yana buƙatar iƙirari ko shaidu huɗu, kuma ƙarar da ba a tsara ta da kyau ba tana iya ba wanda ake zargi damar juyowa da da'awar ƙazafi.

Ba zan ɓoye miki ba, shari'ar tana iya ɗaukar shekaru, ana iya ba shi beli, kuma lauyansa zai yi ƙoƙarin girgiza ki da tambayoyi. Amma sashe na 234 na Dokar Shaida ya hana a tambaye ki game da wata mu'amala da wani namiji daban sai da izinin kotu, wato tambayar da ɗan sandan nan ya jefa miki ko lauya ba shi da ikon yin ta kai tsaye a gaban alƙali. Lauyanki zai iya roƙon a saurari shaidarki ba tare da 'yan kallo ba, a kuma sakaya sunanki. In mutumin ko danginsa suka fara yi miki barazana, ko aka nemi korarki daga aiki, ki rubuta ranar da abin da aka ce, ki sanar da lauyanki nan take domin ya nemi umarnin kariya daga kotu, ya kuma roƙi a soke belin idan an riga an bayar.