Ga mai tambaya kan tsohuwar jif ta soja: fara da duba ƙasanta

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an nuna maka jif, mai ita ya ce Willys ce ta 1943, ta yi shekaru a ajiye ba a tayar da ita ba, sai dai an yi mata sabon koren fenti da farin tauraro a bonet. Kana tambaya ko ka saya, kuma ta ina za ka fara gyara. Sabon fentin nan shi ne ya fi tayar mini da hankali a duk bayaninka, domin a irin waɗannan motoci kyan ɗan maciji ne. Abin da za ka biya kuɗi a kansa shi ne shasi da lambobi, bodi kuwa ana iya samun wani.

Da farko ka tabbatar da abin da ke gabanka. Daga 1941 zuwa 1945 kamfanoni biyu ne suka ƙera wa sojan Amurka wannan mota: Willys ya yi samfurin MB, kimanin 360,000, Ford kuma ya yi GPW, kimanin 280,000. Ka durƙusa ka leƙa ƙarfen da ya gitta shasi a ƙarƙashin lagireto. Idan bututu ne zagayayye, shasin Willys ne. Idan mai kusurwa ne kamar kifaffen harafin U, na Ford ne, kuma za ka riƙa ganin harafin F a kan ƙusoshi da sassa da dama. A GPW lambar inji da ta shasi ɗaya ce tun daga masana'anta, a MB kuwa ba sa dacewa, don haka kada wannan ya firgita ka. Allunan bayanai suna jikin murfin ɗan akwatin da ke gaban fasinja, amma ana sayar da sababbinsu a buga musu duk lambar da aka ga dama, shi ya sa lambar shasi ce abin dogaro.

Motoci biyu ake yawan sa wa rigar MB. Ɗaya CJ-2A ce ta farar hula wadda aka fara a 1945: tsagar gabanta bakwai ce maimakon tara, fitilunta manya ne, tana da ƙofar baya, kuma bakin tankinta a waje yake, alhali na MB sai an ɗaga kujerar direba. Ɗayar kuma Hotchkiss M201 ce da aka ƙera a Faransa da lasisi har zuwa 1966, da yawansu masu wutar bolt 24 ne maimakon 6. Hotchkiss mota ce mai kyau ƙwarai, a wasu wuraren ma ta fi ta asalin ƙwari, kawai dai kada ka biya kuɗin ta zamanin yaƙi a kanta. Gauraya sassan Ford da na Willys ba laifi ba ne, sojoji da kansu sun yi ta yi a wuraren gyaransu.

Sai ka tafi da tocila da maganaɗisu da sukudireba. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, foti ne aka cusa. Ƙarafan da suka tallafi daɓen motar ta ƙasa an sa katako a cikinsu, katakon yana riƙe ruwa, tsatsa ta ci su daga ciki, saboda haka ka caka su da sukudireba ko da sun yi kyau a ido. Ka duba ramin da tankin mai yake zaune da akwatunan kayan aiki biyu na baya. A shasi kuwa ka lura da ƙahonin gaba inda bamba take, da wuraren da sifirin ya rataya, nan suke tsagewa a yi musu walda ta gaggawa. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, idan awon ya bambanta sosai shasin ya murɗe. Ana ƙera sabon bodi a Filifin, amma ba ya zama daram sai an gyara ramukan ƙusa, kuma motar da ke da bodinta na asali ta fi daraja ko da an yi masa faci.

Injin mai silinda huɗu ne, lita 2.2, ƙarfin doki 60, bawul ɗinsa a gefen bulo suke. Ka goge bulon a kusa da distributa ka duba da kyau, wurin yana tsagewa idan ruwa ya taɓa daskarewa a ciki. Don Allah kada ka bari a ɗaura batir a buga shi nan take. A cire filogi, a zuba kamar cokali biyu na mai a kowace silinda, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a juya da hannu. A buɗe murfin gefe a ga ko duk bawul takwas suna hawa suna sauka, domin idan ya daɗe a ajiye sukan maƙale a buɗe. A sauke kaskon baƙin mai a wanke shi: matatar wannan inji kaɗan daga cikin man take tacewa a lokaci guda, sabon mai kuma zai narkar da tsohon datti ya kai shi cikin metal, wato boris ɗin cikin inji. Fetur ɗin gwaji a ba shi daga wani galan daban, kada a ja daga tsohon tanki. Matsin silinda tsakanin 90 da 110 na ma'aunin psi lafiya ne, muddin bambancin da ke tsakaninsu bai wuce 10 ba. Idan ya sauka wajen 70, aiki ya same ka. Tazarar bawul inci 0.014, ta filogi 0.030, ta kwantak 0.020.

Bayan ya tashi, birki ne na farko. Layi ɗaya ne tal, idan roba ɗaya ta fashe duka tayoyi huɗu sun rasa birki. A canja masta, da silindojin taya, da robobi, da bututun ƙarfe gaba ɗaya, babu batun wankewa a mayar. Birkin ba ya saita kansa, da hannu ake yi. Tsohon takalmin birki yana iya ƙunsar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, a jiƙa ƙurar a goge, kada a hura ta da iska. Notin tayoyin hagu kuma baibai suke kwancewa, mutane da yawa sun karya ƙusoshi saboda rashin sanin wannan. Rim ɗin yaƙi gida biyu ne da aka haɗa da ƙusoshi, kada a taɓa kwance su sai an sace iskar tayar ƙaf, yana iya hallaka mutum.

Idan gaban motar yana karkarwa bayan ta faɗa rami, kada ka ɗaura abin danne sitiyari ka ce an gama. A duba boris na sama da ƙasa a gwiwar aksil, da tayarod, da hannun da ke juyawa a kan aksil ɗin, da bushin sifirin. Giyabos ɗin T-84 mai giya uku ya yi suna wajen tofar da giya ta biyu a gangara, alamar zoben tagulla da bushin sun cinye. A zuba masa man giya GL-4 mai kauri 90, domin wasu nau'o'in GL-5 suna cin tagulla. Kuma kada a sa tayoyin gaba aiki a kan kwalta, babu abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, sai farfela da aksil su ɗaure.

Wutar bolt 6 ba ta da laifi, ni ban ga dalilin mayar da ita 12 ba. Masu kuka da nauyin kik galibi siririyar wayar batir ta motar zamani suka sa. A sa mai kauri, a kankare fenti a duk inda wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin mota, take kamawa har sai ƙarfe ya fito.

Kafin ka kai bodi wurin masu kankara da yashi, ka bi gefen bonet da jiƙaƙƙiyar sanfefa a hankali, hawa-hawa. Sau da yawa lambar rajistar soja tana nan a ƙarƙashin fentin baya, idan aka kankare ta kuwa ta tafi ke nan. Ka sa takunkumi, tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Ka nemi littafin gyaran soja TM 9-803 da jerin sassa na G-503, ka ɗauki hoton komai kafin ka kwance, ƙusoshin kowane sashe a ledarsu da rubutu. Awonsu na inci ne, sifana ta milimita za ta cinye musu kai. Kada ka wargaza motar duka lokaci guda, yawancin motocin da ake sayarwa a wargaje cikin kwali haka suka fara. Ka gyara birki da sitiyari da inji, ka tuƙa ta wasu watanni a gudun da bai wuce kilomita 70 ba, sannan ka yanke shawarar ɗaga bodi.

Ka turo mana hoton ƙarfen ƙarƙashin lagireto, da lambar shasi, da ta inji wadda ke gefen dama kusa da matatar mai, da ƙasan daɓe. Da su za mu gaya maka ko Willys ce da gaske, in sha Allahu.