Ƙanena ya daina barci, yana cewa shi ne Mahadi

Tambaya: Likita, ƙanena ɗan shekara 26 ne, yana sayar da takalma a kasuwar Kejetia. Yau kwana goma rabonsa da barcin kirki, surutu ba tsayawa, ya rabar da jarinsa, yanzu kuma wai murya tana gaya masa shi ne Mahadi. Bara waccan ya yi wata uku a ɗaki cikin baƙin ciki, ko wanka sai an matsa masa. Kawunmu ya ce aljanu ne, a ɗaure shi. Ya haukace ke nan har abada? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Sai na gan shi zan tabbatar, amma wata ukun nan na bara waccan ya fi ɗaukar hankalina. Mutum ya faɗa ramin baƙin ciki, can kuma ya tashi sama kamar an hura masa wuta, wannan shi ne ciwon baifola. Idan tashin ya yi tsanani, mutum kan ji muryar da ba kowa ke ji ba, ko ya yarda shi waliyyi ne ko attajiri. Waɗannan alamu suna bin tashin ne; idan ya lafa da magani, galibi su ma sukan tafi, ya koma kasuwarsa.

Kada ku bari a ɗaure shi. Mari da bulala ba sa sauke wannan ciwo, rauni kawai suke ƙarawa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012 ta hana wulaƙanta irin waɗannan marasa lafiya. Addu'a da ruƙiya ba su hana zuwa asibiti. Ku haɗa biyun.

Ku kai shi sashen masu taɓin hankali na asibitin Komfo Anokye yau ɗin nan. Za a duba ko wiwi, tramol, ko wata cuta ta jiki ce ta tayar da shi, sannan a ba shi magani irin su olanzapine ko haloperidol, wataƙila da lithium, wanda sai ana auna jini. Kafin nan kada ki yi musu da shi kan Mahadi, kada kuma ki gaskata shi. Ki ce masa kawai, "Ka gaji, zo mu je a taimaka maka ka yi barci." Ku karɓe makullin babur da wayar da yake tura kuɗi.

Bayan ya sauka, kunyar abin da ya aikata kan danne mutum ƙwarai. Idan kika ji yana cewa gara ya mutu, kada ku bar shi shi kaɗai, ku koma asibiti a ranar.