Ga uwar da ta tambaya ko ta bari a kori ɗanta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun bayan isha'i na karanta tambayarki, na kwanta barci ya ƙi zuwa, sai na tashi na ɗauko waya. Kin ce ɗanki shekararsa 29, yana shan tiramol da kodin, ya sayar da keken ɗinkinki da wayar ƙanwarsa. Mahaifinsa ya rantse zai kore shi ya kuma yi masa baki, dangi wasu na cewa a yi masa aure, wasu na cewa a kai shi gidan mari, ke kuma kina ba shi kuɗi a ɓoye don kada ya je ya yi sata a waje. Kina tambaya ko ki bari a kore shi, ko ki ci gaba da rufa masa asiri.

Ni ba likita ba ce. Malamar firamare ce da ta yi ritaya a nan Sakkwato, kuma shekara bakwai na yi cikin irin wutar da kike ciki.

Nawa ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba. Ya gama difloma aiki bai samu ba, Malam maigidana ya saya masa mashin ya fara kabu-kabu. A can abokan sana'a suka koya masa ƙwaya, wai don ya iya wuni bisa mashin cikin ranar Sakkwato bai gaji ba. Na ga yana ramewa, na ga tuwon dare yana kwana a kwano, na ga ya koma mai saurin fushi da ƙannensa. Na gani sarai. Amma alkunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki, sai dai in aika ƙanwarsa ta ce masa Inna ta ce kaza. Shekara biyu muka ɓata a haka. Idan naki ma ɗan fari ne, ina roƙonki ki ajiye wannan kunyar ki dube shi ido da ido.

Kuɗi kuwa haka suka riƙa fita. Yau mai ya ƙare, gobe taya ta fashe, jibi an kama mashin. Ɗari biyar, dubu ɗaya, har kwasar adashina ta tafi, har awakina biyu. Mai shago ya zo ƙofar gida da bashi, na biya kafin Malam ya dawo masallaci. Da aka sama masa aiki a wani shago ya daina zuwa, ni na aika aka ce zazzaɓi yake yi. Duk wannan ina kiransa rufin asiri, ina ganin abin da uwa ta gari take yi ke nan.

Wata ranar Laraba da la'asar ya faɗi a zaure yana kakkafewa, kumfa na fita a bakinsa. Maƙwabta suka ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Kawunsa ne ya ce a'a, asibiti za a kai shi. Likitan da ya duba shi ya yi mana bayani cewa tiramol idan ya yi yawa a jiki yana kawo irin wannan jijjiga mai kama da farfaɗiya. Ya ce wanda hukuma ta yarda a sayar mai lamba 50 ne da 100, wato miligiram ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya, kuma ko majinyaci ba a so ya wuce miligiram 400 a wuni, amma na hannun dillalai mai lamba 225 ne, yaran kuma ba ɗaya suke sha ba. Sannan ya juyo ya tambaye ni, cikin ladabi, “Hajiya, a ina yake samun kuɗin saye?” Ban amsa ba. Da safen nan ni na ba shi naira dubu biyu da hannuna.

A wannan kujerar ta asibiti na gane cewa ba ɗana nake ciyarwa ba, ƙwayar nake ciyarwa. Duk lokacin da na biya bashinsa ko na yi masa ƙarya, na ɗauke masa zafin da ya kamata ya ji a jikinsa, ni na ji shi a madadinsa. To me zai sa ya daina?

Wani malami da muke karatu wurinsa ya nuna mini aya ta 5 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya hana a miƙa wa wawaye dukiya, amma a cikin ayar nan ɗaya ya ce a ciyar da su, a tufatar da su, a kuma faɗa musu magana mai kyau. Da na ji haka zuciyata ta zauna, don abin da ke hana ni barci shi ne tsoron kada hana shi kuɗi ya zama rashin tausayi. A kan wannan muka kafa dokar gidanmu. Abinci yana nan, sau uku, irin wanda kowa ke ci. Sabulu, tufafi, kuɗin asibiti, duk za mu yi, amma mu za mu saya, mu za mu biya a tagar asibiti. Tsabar kuɗi ko naira hamsin ba za ta shiga hannunsa ba. Ƙwaya ba za ta tsallaka zaurenmu ba, haka abokan shanta. Wanda ya zo da bashi, a kira masa mai bashin su yi ta ƙare tsakaninsu.

Lokacin faɗa masa yana da muhimmanci. Kada ki yi magana da shi yana cikin maye, ɓata baki ne, kuma wani lokaci haɗari ne. Mu da hantsi muka zaunar da shi, bayan ya karya kumallo, ni da Malam da kawunsa. Ni na yi maganar, karo na farko a rayuwata da na dubi ɗan farina na yi masa doguwar magana. Na ce masa, “Kai ɗana ne har abada, ƙwaryarka ba za ta rasa tuwo a gidan nan ba. Amma daga yau ba ni da kuɗin ba ka. Ranar da ka shirya zuwa asibiti, ko tsakar dare ne, ka buga mini ƙofa.” Ya ɗago ya ce, “Inna, mi na yi maki? Ashe ke ma kin tsane ni?” Ya fita, kwana uku ba mu gan shi ba. A kwanakin nan ban ci abin kirki ba, duk motsin ƙofa sai gabana ya faɗi. Ranar na huɗu ya dawo da yunwa, na zuba masa abinci, ya roƙi ɗari biyar, na ce babu.

Sai ga shi wata biyu muna tsare doka amma yaro bai fasa sha ba. Ashe kakarsa ce ke kwance masa bakin zani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malam ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya gaya mata abin da likita ya ce, tana kuka ta yi alkawari. Ki zauna da duk wanda yaron ke iya miƙa wa hannu, gwaggonni, yayye mata da ke gidan aure, kowa. Hakan na nufin asirin da kike ɓoyewa zai fita. Ki yi haƙuri, unguwa ta riga ta sani.

Game da kora, ga ra'ayina. Malam ya yi rantsuwar korar ɗanmu ya fi sau goma, bai taɓa aikatawa ba, har yaron ya daina ɗaga kai idan ana faɗa. Barazanar da ba a cikawa ta fi shiru ɓarna. Ku faɗi abin da za ku iya tsayawa a kansa kawai, ko da ƙarami ne. Ban goyi bayan a jefa shi titi tun farko ba, don gidan da zai karɓe shi a daren shi ne na dillalin ƙwaya, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mu mayar da shi muka yi ɗakin ƙofar gida, muka sa kwaɗo a ɗakunan ciki. Amma akwai iyakar da babu sassauci a kanta: idan ya ɗaga hannu ga wani a gidan, ko ya miƙa wa ƙanensa abin da yake sha. Ranar da nawa ya mari ƙanwarsa, a ranar ya bar gidan, ya koma wurin kawunsa a ƙauye wata huɗu. Mun gaya masa dalili, mun gaya masa sharaɗin dawowa. Ɗiyarki ma amana ce a hannunki, tana da haƙƙin ta kwana ba tsoro.

Baki kuwa, don Allah ki riƙe ƙafar maigidanki ki roƙe shi. Ki tuna masa sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Yaron da ke ganin an riga an tsine masa ba shi da sauran abin da zai tsaya wa.

Aure ba magani ba ne, kuma ina faɗin wannan da ƙarfi. Ɗiyar mutane ba asibiti ba ce. Na ga inda aka yi haka a danginmu, cikin wata shida gadon amarya da kwanukanta suka bi hanyar da keken ɗinkinki ya bi. Gidan mari kuma, ki tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Har kulle shi a ɗaki a gida don ya daina da ƙarfin tsiya yana da haɗari. Mai kodin da tiramol idan ya tsaya zai yi gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, wannan wahala ce. Amma idan yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko diyazefam, tsayawa farat ɗaya na iya jawo jijjigar da za ta tafi da rai. Shi ya sa ake yi a hannun likita.

Allah ya taimake mu a Sakkwato, ba sai mun yi doguwar tafiya ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kan hanyar Illela, akwai sashen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara. Na san da an ambaci Kware mutane sai su ce hauka. Ni ma ranar farko na ja mayafi na rufe fuska. Da na shiga na tarar da iyaye irina a zaune, wasu na san su. Binciken da gwamnati ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma kowannensu uwa ce ta haife shi. Kina iya zuwa ke kaɗai ki nemi shawara tun kafin yaron ya yarda. Addu'a da magani tare muka riƙe su, ba mu saki ko ɗaya ba.

Nawa wata takwas bayan zaman nan ya buga mini ƙofa, wajen ƙarfe uku na dare. Ya yi jinya, ya yi wata biyar lafiya lau, sannan ya koma. Na ji kamar in mutu. Likita ya ce mana komawa ba baƙon abu ba ne a wannan ciwo, amma ita ce lokacin da ya fi haɗari, don jiki ya saki sabo, adadin da yake sha a da yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. Ki riƙe wannan: idan kin tarar da shi ba ya tashuwa, numfashinsa a hankali, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ki kwantar da shi a gefensa, kada ki ɗura masa madara ko manja ko ruwa, ku garzaya asibiti ku faɗi gaskiyar abin da ya sha. Akwai allurar da ke karya irin wannan maye idan an kai shi da wuri.

Ke kanki fa? A shekarun nan na kamu da hawan jini, na daina zuwa biki da suna, na bar Islamiyya. Wata rana autata ta ce, “Inna, mu ma ɗiyanki ne.” Shekara uku ban tambaye ta yadda karatunta ke tafiya ba. Ki je a auna jininki, ki koma makaranta, ki samu mace ɗaya mai riƙon amana da za ki riƙa yi wa kuka.

Yau wata goma sha huɗu rabon nawa da ƙwaya, alhamdu lillahi. Yana koyon walda, ubangidansa ya san komai don mu muka gaya masa, kuma ladan mako hannun kawunsa yake shiga, da yardar yaron. Yana cin abinci da ƙannensa a faranti ɗaya. Makullin ɗakina har yanzu yana ɗaure a bakin zanina, shi ma ya sani, kuma ranar Talata mai zuwa tare za mu koma ganin likita. Allah ya shirya mana su, ya sanyaya miki zuciya.