Larabci na karanta, zan iya zama furodak manaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara shida ke nan ina aiki a wani kamfanin Umara a nan Makka, ina tarbar baƙi, ina taya tsofaffi neman izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk. Na ga kamfanonin Riyad suna cigiyar furodak manaja. Larabci na karanta, ban iya rubuta kod ba. Akwai rabona a ciki? Daga wani mai karatu a Shara Mansur.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Furodak manaja ba shi ne mai rubuta kod ba. Shi ne mai yanke shawarar abin da za a gina a manhaja, da wanda za a jinkirta, da dalili. Asalin aikin ma daga sabulu ya fito: a 1931 Neil McElroy na kamfanin sabulu na Procter & Gamble ya ba da shawarar a ware wa kowane kaya mutum guda mai bin diddiginsa har kasuwa. Sundar Pichai, shugaban kamfanin Google, kuwa ilimin ƙarafa ya fara karanta. Ya shiga Google a 2004, ya jagoranci aikin Chrome da ya fito a 2008.

Abin da ke hannunka injiniya bai da shi. Ka sha ganin Hajiya ta tsaya cak a wani shafi, ka san wace kalma ce ta rikita ta, ka kuma ji ƙorafinta da Hausa ka iya mayar da shi Larabci. Kamfanoni kuɗi suke kashewa su gano irin wannan.

Ka ɗauki manhajar da kamfaninku ke karɓar baƙi da ita, ka rubuta shafi ɗaya: inda mutane ke maƙalewa, mutum nawa ka gani a sati, gyaran da kake ba da shawara. Ka kai wa masu kula da ita. Ka koyi Excel sosai, da ɗan SQL (yaren zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta), da Jira (manhajar bin diddigin ayyuka). Turanci ma sai ka dage, yawancin takardun aikin da shi ake rubutawa.

Kada ka sa rai za a ba ka kujerar kai tsaye. Da yawa ta sashen kula da kwastomomi suke shiga, su yi shekara ɗaya ko biyu kafin a matsar da su. Kafin ka nemi ko'ina, duba sana'ar da ke rubuce a igamarka, wato katin izinin zamanka, domin tsarin Nitaƙat na gwamnatin Saudiyya ya ware wa 'yan ƙasa kaso a guraben fasaha.